Malam, Bar Niyya Ga Mai Ita

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci, wanda nake ganin girmansa, ya fitar kwanakin baya a kan halin da rubutu da waƙar Hausa suke ciki. Abin da Malam ya tsaya a kai shi ne fasaha amana ce da Allah ya ba bawa don ya gyara al'umma, ba ta da wani dalili bayan wannan. Ya ce magabata don faɗakarwa kaɗai suka yi aikinsu, shi ya sa ya yi albarka ya daɗe, 'yan yanzu kuwa kuɗi da suna suka shigo nema, shi ya sa da sun yi littafi biyu ko uku sai su jefar da alƙalami. Maganin da ya kawo shi ne duk mai son shiga harkar ya fara wanke niyyarsa, in kuwa ya ji kwaɗayin ko sisi a ransa, to ya koma kasuwa ya bar wa masu abin abinsu.

Maganar tana da daɗin ji, na kuma san mutane da yawa sun gyaɗa kai da suka karanta ta. Ni dai ban yarda da ita ba. Tarihin da Malam ya jingina da shi bai goyi bayansa ba, kuma ina tsoron abin da irin wannan magana take yi wa yaran da ke tasowa da alƙalami a hannu.

Mu fara da magabatan nan. Ƙagaggen labarin Hausa na boko, wanda muke tinƙaho da shi yau, da gasa ya soma. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta nemi malamai su rubuto labarai, aka zaɓi biyar aka buga: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Imam a lokacin saurayi ne ɗan shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Wanda ya shiga gasa yana so ya ci, yana so a ji sunansa, ni kuwa ban ga aibin haka ba. East da kansa ya ba da labarin wahalar da ya sha kafin ya shawo kan masu ilimin wancan zamani, domin a ganinsu ƙaga labari tatsuniya ce ta mata da yara, bai kamaci malami ba, malami sai wa'azi da fiƙihu da tarihi. Wannan ra'ayi da na Malam uwa ɗaya uba ɗaya suke. Da Imam ya bi shi, da ba mu taɓa sanin Malam Zurƙe ɗan Muhamman na cikin Ruwan Bagaja ba. Ina roƙon Malam ya sake buɗe Ruwan Bagaja ya gaya mana tsakani da Allah: wa'azi ne ya sa yara da manya suka shekara 90 suna karanta shi, ko kuwa ketar da Alhaji Imam da Zurƙe ke shirya wa juna daga gari zuwa gari? Kowane shafi ka buɗe, kana jin marubucin nan yana jin daɗin abin da yake yi, yana dariya tun kafin kai ka yi.

Magana Jari Ce kuwa aikin hukuma ne. A 1936 aka ɗauko Imam daga aji aka kai shi Zariya don ya rubuta littafin karatu na makarantu, ya kwaso daga labaran Larabawa da na Turawa da na gida ya sa musu rigar Hausa, littafin ya fito kashi uku tsakanin 1937 da 1939. A 1939 ɗin ne kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Alƙalami ya ciyar da shi ya ciyar da iyalinsa shekaru masu yawa. Ko So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, da aka buga a 1980, daga gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya fito. In har son cin gasa ko karɓar albashi yana zubar da albarkar rubutu, to ai tun daga tushe ta zube, ba mu da abin da za mu yi kuka a kai.

Idan muka juya wajen makaɗa abin ya fi fitowa fili. Ibrahim Narambaɗa makaɗin fadar Sarkin Gobir na Isa ne. Musa Ɗanƙwairo da Salihu Jankiɗi su ma makaɗan fada ne. Doki ake ba su da riguna da hatsi da kuɗi, kuma ba a ɓoye ba, a bainar jama'a, mawaƙin ma ya sa kyautar a waƙa don a ji. Kowannensu yana tafe da makaɗa da 'yan amshi, kowane ɗan amshi yana da mata da 'ya'ya a gida. Wa zai riƙe wannan tawaga shekara da shekaru da kyakkyawar niyya zalla? Amma har gobe jami'o'inmu suna rubuta kundin digiri a kan Hausar Narambaɗa, ba wanda ya ce dokin da aka ba shi ya rage wa Bakandamiyarsa nauyi.

Alhaji Mamman Shata shi ya fi kowa rushe lissafin Malam, domin ya rushe shi ta fuska biyu. An haife shi a Musawa a 1923, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba saboda a wancan lokaci roƙo ake ɗaukarta. Ya yi tallan goro, ya yi na alewa, amma bakin bai daina waƙa ba, a kasuwa da dandali. Me ya hana shi bari, ga faɗan gida ga gorin mutane? Ba kuɗi ba ne, domin a farkon babu wani kuɗin kirki a ciki. Ba wa'azi ba ne, domin waƙar samari da 'yan mata ce ta dandali. Abin a jininsa yake, in bai yi ba ba ya samun sukuni. Daga baya waƙar ta zama sana'arsa, ya samu dukiya da ita, ya yi wa sarakuna da attajirai, ya yi ta noma da ta kiwon lafiya, ya yi zambo, ya yi waɗanda malamai suka yi tir da su, ya riƙe waƙa sama da shekara 50 har rasuwarsa a 1999. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. A wane layi Malam zai sa shi, na masu amana ko na 'yan kasuwa? Haka Ɗanmaraya Jos, da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, wanda ya dubi karen mota ya ga mutum a inda wasu ke ganin ƙazanta. Maraya ne da ya tashi yana neman abin kai wa baka da kiɗan nan, kuma tausayin talaka da ke cikin waƙoƙinsa daga nan ya samo asali.

Ban ce babu waɗanda faɗakarwa ce ta tayar da su tsaye ba. Akwai su, kuma manya ne. Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja sun yi waƙa don su farkar da Arewa. Aliyu Namangi, makahon Zariya, ya yi Imfiraji don tsoratarwa da begen Annabi. Nana Asma'u ta tsara waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci don malamai mata da ake kira jaji su kai wa matan karkara ilimin addini. Sai dai ko a nan akwai abin lura. Waƙoƙin wa'azi da aka rubuta a ƙasar Hausa tun daga ƙarni na 19 ba su ƙirguwa, kuma ban da shakka yawancin masu su niyyarsu fes take. Ina suke? Mafi yawa suna cikin gafaka, gara tana ci. Imfiraji ta rayu a bakin makafi da almajirai da gidajen rediyo ne saboda Namangi gwanin tsara baiti ne, ya san inda zai sa kalma ta zauna daram, ya san karin da zai kama kunne. Ita ma Nana Asma'u, daga cikin waƙoƙinta mafiya taɓa zuciya akwai marsiyyoyin da ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da aminiyarta A'isha. Baƙin cikin rashi ne ya fito da su, ciwon da ke cikin ranta ita kaɗai.

Wannan ciwo na kai shi ne abin da Malam ya tsallake gaba ɗaya. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure, sai daga baya ta koma karatu ta hanyar ilimin manya. Da ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a 1990, labarin yarinyar da aka raba da aji aka aurar wa tsoho, ba wani kwamiti ne ya ba ta jigo ba. Abin da ta gani ta kuma ɗanɗana ne ya ƙi barinta ta yi shiru. Littafin ya faɗakar, ƙwarai ma kuwa, ya fi huɗubobi da yawa shiga gidaje. Amma ya yi cizo ne saboda ya fito daga mutum ɗaya mai nata tabon. Alhaki Kuykuyo Ne, nata, har Indiya aka buga fassararsa da Ingilishi a 2012. Wanda ya zauna ya ce yau bari in gyara al'umma, alhali babu abin da ke cinsa a rai, abin da zai haifa takardar sanarwa ce, ba mai karanta ta sau biyu.

To me ke riƙe mai fasaha shekara 20, shekara 30? A ganina abu na farko shi ne son aikin kansa, da kishin ya fito daidai. Duk wanda ya taɓa zama a zaure cikin birnin Zariya kusa da mai ɗinkin babbar riga ya ga wannan da idonsa. Rigar na shimfiɗe a kan gwiwarsa, mai zane ya riga ya fitar masa da aska takwas da tambari, shi kuma yana bi da allura, ɗinki bayan ɗinki, mako ya bi mako. Can sai ka ga ya tsaya, ya ɗaga wurin ya kalli haske, ya tsuke baki. Wani layi ya ɗan karkace, karkacewar da mai sayen rigar ba zai taɓa gani ba, dillali kuma ba zai ƙara masa ko kwabo don ya gyara ba. Sai ya sa bakin allura ya warware aikin rabin yini, ya sake. In ka ce masa ai ba wanda zai lura, sai ya ce ai shi ya gani. Wannan mutumin dai, ranar da rigar ta kammala, zai tsaya ya yi ciniki da ƙarfinsa, ya ƙi sallamawa sai an kai kuɗin da ya san aikinsa ya kai. Kishin aiki da neman halak suna zaune lafiya a ƙirji ɗaya. Malam ne yake so ya raba su da ƙarfi. Marubucin kirki ma haka yake da jimlarsa, mawaƙi da ɗangonsa: ya goge, ya sake, ya kwana yana juya kalma ɗaya, sannan gobe ya nemi haƙƙinsa.

Abu na biyu shi ne wanda Malam ya ɗauka abin kunya, wato abin sawa a bakin salati. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Malam ya ce 'yan yanzu suna bari da wuri saboda niyyarsu ta gurɓata. Ni kuwa na ce a duba yadda harkar take tafiya kafin a yanke musu hukunci. Tun bayan 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu ya karya naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta, marubucin Hausa ya zama shi ne mai rubutu, shi ne mai bugawa, shi ne mai talla. Haka su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba da Ɗan'azumi Baba suka haɗu a ƙungiyar Raina Kama, haka su Bilkisu Funtuwa suka yi ta fitowa. Mace ta cika littattafan rubutu na 'yan makaranta da biro, ta ba mai buga tafireta ko kwamfuta, ta kwashi adashinta ta biya maɗaba'a, a kai wa 'yan kasuwa a Kano su karɓa bashi, sai an sayar a biya ta kaɗan-kaɗan, wani lokaci ma ragowar ta bi ruwa. Masu hayar littafi su sayi kwafi ɗaya, mutum hamsin su karanta. Duk da haka suka yi ta rubutu, na ɗaya da na biyu da na uku, har matan aure da ba su wuce aji shida ba suka zama masu karatu na haƙiƙa. Mai neman kuɗi zalla ba zai jure wannan ba, da tuni ya koma sayar da atamfa.

Yau kasuwar littafin takarda ta durƙushe, harkar ta koma waya. Dubi yadda marubuciyar yanzu take aiki. Ta gama girki, ta wanke kwanuka, ta kwantar da yara, maigida ya yi barci. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare take jawo waya, babu wuta, cajin ya kusa ƙarewa, ta soma bugawa da manyan yatsu biyu. Shafi nawa za ta yi kafin ido ya rufe? Da safe ta tura wa rukunin WhatsApp na waɗanda suka biya ɗan abin da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Kafin azahar wata ta kwafe ta watsa kyauta a rukuni goma, kafin sati wani ya sa an karanta shi a YouTube yana karɓar kuɗin talla, ko sunanta bai ambata daidai ba. Masu karatun kuma suna ta aiko saƙo, ina ci gaba, kin cika ja mana rai. Ranar da wannan baiwar Allah ta gaji ta ajiye, Malam zai ce niyyarta ce ba ta da kyau. Wallahi wannan zalunci ne. Gajiya ce da satar fasaha da rashin mai tsaya mata suka kayar da ita, kuma da yawa daga cikinsu ko sun bari, labarin bai bar su ba, yana nan yana yi musu yawo a kai.

Akwai wata ɓarna da ra'ayin Malam ya daɗe yana yi mana, wadda ba a cika faɗa ba. Tun muhawarar shekarun 1990 a jaridu kan abin da aka kira adabin kasuwar Kano, zuwa 2007 da aka tara littattafan Hausa aka cinna musu wuta a Kano da sunan gyaran tarbiyya, marubucinmu ya koyi cewa ba a yarda ya ce yana rubutu don yana so ba. Dole ya buɗe littafi da rantsuwar cewa faɗakarwa ce manufarsa. Ɗan fim ma da an miƙa masa makirufo haka zai ce, mawaƙi ma haka. Kalmar ta zama garkuwa. Illar ba a baki ta tsaya ba, ta shiga cikin aikin. Shi ya sa za ka karanta labari mai rai, mutanensa suna numfashi, kishiya tana da nata dalilin, miji yana da nasa raunin, sai a shafi goma na ƙarshe marubuciya ta tuna za a tambaye ta darasi. Nan take muguwar ta haukace ko ta yi haɗarin mota, kowa ya taru a asibiti ana neman gafara, a rufe da nasiha. Rayuwar da muka sani ba haka take warwarewa ba, mai karatu ma ya sani. Tsoron masu binciken niyya ne ya lalata ƙarshen littattafai masu yawa da suka soma da kyau, kuma ya koya wa yara faɗin abin da ba shi ne a ransu ba.

Na san abin da ke damun Malam, ni ma yana damuna. Akwai masu rubuta batsa tsagwaronta don a yi rububin biya. Akwai mawaƙan da za su wasa ɗan siyasa bana su zage shi baɗi, gwargwadon wanda ya fi ba da kuɗi. Ban zo kare su ba. Amma laifinsu a cikin aikinsu yake, a fili, ana iya nuna shi da yatsa: ga ƙarya, ga rashin kunya, ga Hausar da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Wannan shi ne hurumin mai sharhi. Zuciya kuwa ba huruminsa ba ce, Allah kaɗai ya san abin da ke cikinta, kuma Malam ya fi ni sanin haka. Sau nawa mai kyakkyawar niyya ya rubuta shirme, sau nawa wanda yunwa ta koro ya rubuta abin da ya girgiza mutane? Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya soma a 2016, da kyautar kuɗi a kanta, ta fito da mata da yawa da suka rubuta labarai masu nauyi kan gudun hijira da fyaɗe da zaman aure. A ma'aunin Malam duk masu kwaɗayi ne tun da sun sa ran kyauta. A nawa ma'aunin, an buɗe musu ƙofa ne, an ce aikinku yana da daraja, suka shigo.

Abin da harkar nan take nema a wurin manya irin su Malam ya fi ƙarfin nasiha kan niyya. Tana neman editan da zai zauna da yarinya ya nuna mata inda labarinta ya yi rauni. Tana neman mai sharhin da zai karanta littafi daga farko har ƙarshe kafin ya yi magana a kansa. Tana neman ƙungiyoyin marubuta su tashi tsaye a kan masu kwafe aikin mutane, da masu hali da za su sa jari a maɗaba'a da rarrabawa kamar yadda suke sawa a gidan mai.

Malam, ina roƙonka da girman Allah, a rubutunka na gaba ka ɗauki littafi ɗaya na ɗaya daga cikin yaran nan da ka yi wa kuɗin goro, ka karanta shi duka, ka faɗa mana abin da ya yi kyau da abin da ya ɓaci, da sunan littafin da lambar shafi. Kai kuma mai karatu, labarin nan da aka turo maka kyauta a waya jiya da dare, wata ce ta hana idonta barci ta rubuta shi. Nemi lambarta ka biya ta.